Rigar da Ba Ta Samu Ƙuri'a Ba

Shekarar da na gama karatun hulɗa da jama'a na dawo Kafanchan, kaina a kumbure yake. Komai na gani sai in ce a yi masa bincike. A lokacin yayata ta buɗe ɗan shagon ɗinki kusa da kasuwa, mijinta kuma ya faɗa mata gaskiya: in Kirsimeti ya wuce shagon bai tsaya da ƙafarsa ba, keken ɗinki ya koma gida, ita ta koma gonar citta. Yadin da ta saro na samfuri ɗaya ne kawai, ga samfuri uku a ranta.

Na ce, "Yaya, ki bar mini. Jama'a za mu tambaya."

Ta ɗinka ɗaya-ɗaya. Na sa wa 'yan mata uku, na ɗauki hoto, na ɗora a Fesbuk na ce a zaɓa. Ta farko ta kwashe ƙuri'u kamar ana rabon shinkafa. Ta uku kuwa, ko tausayi babu. Na zo shago ina tafiya ɗaiɗai, na ce an gama.

Yaya ta karɓi wayar, muka bi abin da mutane suka rubuta. "Allah ya ba mamanki lafiya." "Sannu da jinya, 'yar mu." Ashe uwar yarinyar da ta sa ta farkon tana kwance a asibiti, ita kuma yarinyar tana cikin mawaƙan coci. Duk 'yan zumuntar matan coci sun zo gaisuwa ne. A garinmu wa zai wuce hoton 'yar wani bai ce sannu ba? Ko mutum ɗaya bai ambaci rigar ba. Raina ya ɓaci sosai.

Na yanke kawunan daga hotunan na sake ɗorawa. Wata ta gane bishiyar da ke cikin hoton, ta rubuta, "Ai wannan mangwaron gidan Baba ne, a gaishe shi." Daga nan na haƙura da tambaya.

Malaminmu ya taɓa cewa in baki ya ƙi, a koma ido. Sai na ja benci na zauna a shagon, ina ɗinke maɓalli ina kallo. Mace za ta shigo, ta gaisa, ta yi zancen tsadar taki, can sai ta matso ta buɗe waya a hankali. "Irin wannan fa, zai yi mini?" Hoton ta uku ne, mai hannu kamar ƙararrawa. Wadda ta sa ta nas ce da aka turo daga wata jiha, ba ta da dangi a nan, ba wanda ya ga dole ya gaishe ta. Amma hoton yana cikin wayoyinsu, sun adana.

Na ce, "Yaya, ta ukun za ki yanka."

Ta daɗe riƙe da almakashi. "Ƙanwata, in kika kai ni gona, tare za mu tafi."

Ta yanka. Kafin jajibirin Kirsimeti babu ko ɗaya a rataye, har daga Zonkwa aka aiko. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba.

Bayan sabuwar shekara sai ga mijinta a kan babur, da igiya ɗaure a baya. Yaya ta tsayar da keke, a zatonta shi ya zo ɗaurewa ya tafi da shi. Ya sauka, ya ɗaga kai ya duba saman ƙofa, ya kwance igiyar.

"Ku miƙo mini benci," in ji shi. "Allon shagon nan ya karkace, mutane ba sa gani daga titi."