Ganyen da Ya Yi Numfashi a Gaban Sallayar Baba

'Yan uwa, yau na ga busasshen ganye yana numfashi.

Na raka Baba filin da ya saya a unguwar Okala, bayan sababbin gidajen ma'aikatan man fetur. Da la'asar ta yi, ya bubbuga ƙasa da sanda yadda ake yi a garinmu Marwa. Ya ce, "Duk macijin da ke nan ya ji, ya gudu." Ya shimfiɗa sallaya ya kabbara.

Ina zaune ina sha'awar ganyen da ke gabansa, launinsa kamar saƙar hula. Sai ganyen ya kumbura! Innalillahi! Maciji ne mai kaurin damtsena, daidai inda goshin Baba zai sauka.

Na ce, "Baba, kada ka yi sujada!" Ya ƙame a ruku'u. Na yafito Papa Ndong, maharbin da ke maƙwabtaka da filin. Ya danne kan macijin da gwafa, ya sare da adda.

Ya ce, "Alhaji, na dajin nan ba ya gudu, jira yake."

Sannan ya raba naman biyu, wai rabi na mai fili ne. Baba ya ji kunyar ƙi. Ni na riƙo ledar naman a taksi har unguwarmu Nzeng-Ayong.

Mama ta leƙa ciki ta ce, "Ba dai a gidana ba!"

Ga ni zaune a ƙofa da rabin maciji, na gaji. Don Allah, wa ke da maƙwabcin da ke ci?