Ranar da Malam Hammadu Ya Buga Takardar Korarsa

Jama'a a gyara zama, mai rediyo ya rage murya. Ga Malam Hammadu na Dugabau, Sarkin Tafiretan Yamma, likitan Turancin manya, mai yatsu goma kowanne da albashinsa in da ana adalci. Rawaninsa hula ce da ta koɗe, fadarsa kuwa wani lungu ne a bayan ƙofar wani ofishi a Gwarzo, inda ya shekara ashirin da shida yana ƙwanƙwasa.

Ɗan malamai ne. Ya sauke Alƙur'ani kafin a kai shi boko, kuma yadda aka koya masa tsoron tsallake wasali a allo, haka ya ɗauki Turanci. Aikinsa a rubuce shi ne ya buga abin da aka miƙo masa. Amma abin da ake miƙowar, Allah ya kyauta. Shugaban ofishin, Alhaji Bashari, inda ake son p sai ya dasa f. There da their duk ɗaya ne a wurinsa, abin da ya faru jiya da wanda zai faru gobe a kwano guda suke ci, aya kuwa sai ranar da ya ga dama. Malam Hammadu zai karɓa da hannu biyu, ya ce "To, ranka ya daɗe," ya koma lungunsa ya ɗinke komai. Takarda ta fito fes, da haruffan sunansa ƙanana a ƙasa kamar yadda masu tafireta ke sawa, Alhaji ya sa hannu yana gyaɗa kai, wai shi ya iya.

Bai taɓa ce wa kowa ga kuskurenka ba. Kuma da yake mutanenmu ba sa fara rubutu sai da bisimilla a sama, ba ya yarda takardar hannu ta faɗa kwandon shara. Kullum in an tashi sai ya tattara su ya ƙone a bayan ofis. Shekara ashirin da shida na shaidar wahalarsa, duk shi ya mai da su toka da kansa.

Sai aka shiga tsuke bakin aljihu, aka ce kowane ofishi ya rage ma'aikata. Alhaji Bashari ya duba ya duba, bai ga wanda ba shi da amfani ba sai mai tafireta. Ya zauna ya rubuta wa hedkwata a Kano da hannunsa cewa shi Turancinsa ba ya buƙatar mataimaki, kowane yaro zai iya kwafa. Sannan, don rashin ta-ido, ya miƙa wa Malam Hammadu ya buga.

A ranar Uwaisu ya zo ɗaukarsa. Uwaisu ɗan ƙaninsa ne, ya bar sakandare a aji uku, yana acaɓa tsakanin Gwarzo da Kabo, kuma tun da aka hana su ɗaukar mata yake neman wanda zai huce a kansa. Ya leƙa takardar, ya karanta da ɗan abin da ya tsira da shi daga makaranta, sai ya dafe kai.

"Baffa, ko ni da aka kora daga aji na ga kuskure tara! Wannan ne zai ce ba ka da amfani?"

"Rage murya, yana ciki."

"Ya ji mana! Wallahi ga dama ta zo. Buga masa ita yadda ya rubuta, kada ka taɓa ko ɗigo. Ta je Kano su yi ta dariya, su tambaya wa ke rubuta masa na baya. Ko ka ba ni ta hannun, gobe da sassafe ina Kano."

Uwaisu bai yi ƙarya ba, wannan takarda ita kaɗai ta rage da za ta nuna wane ne ke aikin. Ga 'ya'ya bakwai a Dugabau, ga gonar da ba ta kai su ko rani. Malam Hammadu ya daɗe yana kallonta. Sai ya zura farar takarda, ya gyara tabarau, ya fara. Uwaisu yana tsaye yana kallon kurakuran nan suna ɓacewa ɗaya bayan ɗaya, kamar ana zare masa haƙora. Har wata jimla da ta karye a tsakiya, dattijon nan ya tsaya ya yi mata ƙafa, don dalilin korarsa ya fito sarai.

Alhaji ya sa hannu ko kallonsa bai yi ba. Malam Hammadu ya zaga baya da ashana, Uwaisu na biye da shi yana kumfar baki.

"Baffa, kai fa ka yanka kanka, har ka wasa masa wuƙar! Mutumin da ko sannu bai taɓa ce maka ba! Me za ka ce wa matarka Inna Marka da yara? Ai wannan sai a ba ka lambar yabo!"

Malam Hammadu ya taka tokar da takalminsa, ya kakkaɓe hannu.

"Haruffan sunana ne a ƙasan takardar, ba zan aika shirme Kano ba. Tayar da babur ɗin, kada mu rasa la'asar."