Rigar Juma'ar Baba

Kujeru na fara gani. Tun daga tashar bas har ƙofar gidan da muka kama, an jera kujerun katako masu naɗewa a gefen titi, sahu uku uku, an zura musu sarƙa ta ƙafafu, kowace da lamba a bayanta. Babu kowa a kansu sai wata mage da ta kwanta a inuwar ɗaya. Yaya tana gaba tana ƙorafin zafi, Mama tana tambayar Baba ko ya tabbata nan ne.

Baba ne ya zaɓi garin. A falonmu na Abbey Wood, a London, ya zauna da kwamfuta a cinya, ya ce ya yi mana booking a wani ƙaramin gari na bakin teku a Sifaniya, mako ɗaya, babu hayaniya. Bai san makon bikinsu ba ne. Matar da ta ba mu makullin gidan ta miƙo wata takarda mai hotuna, ta yi bayani da sauri, sai duk suka juyo suna kallona. Shekara biyu ke nan ina koyon Sifaniyanci a makaranta, don haka tun a jirgi aka naɗa ni tafinta. Abin da ba su sani ba, ban taɓa ɗaga hannu a aji ba. Ina ji, ina rubutawa, malamarmu tana yaba rubutuna, amma da an ce in yi magana sai harshena ya yi nauyi. Na ce musu ta ce akwai biki. Ta faɗi abubuwa da yawa bayan wannan.

Kwana uku na farko a bakin ruwa muka yi su. Tsofaffin garin sukan riga kowa zuwa, su kafa lema a yashi, su shimfiɗa tawul, su koma gida karin kumallo, lemar ce ke riƙe musu wuri. A rana ta biyu Mama ta gane tsarin, ta tura Baba bayan asuba ya kafa tamu. Ita ba ta shiga ruwa. Takan zauna da hijabinta da filas ɗin shayi da cincin ɗin da ta soyo daga gida, ta bar kumfar teku ta taɓa yatsun ƙafarta sau ɗaya, shi ke nan. Yaya kuwa sai an kira ta sau uku take fitowa. Ni nakan tsaya inda ruwa ya kai gwiwa, ina kallon wasu ƙananan kifaye masu launin yashi suna zagaya ƙafata. Akwai famfon wanke ƙafa a bakin hanya, wanda Baba ya ce don alwala aka yi shi ko da masu shi ba su sani ba. Mun hau jirgin ruwa mai gilashi a ƙasa, ba mu ga komai ba sai ciyawa da wani takalmin roba. Mun ci gasasshen kifi da gishiri kawai, Mama ta zaro yaji daga jaka ta gyara shi.

Da la'asar ana jin ganguna daga cikin gari. A baranda na karanta takardar nan da ƙamus ɗin waya. Mutanen garin sukan rabu gida biyu. Rabi su yi shigar sojojin Kirista na da, rabi su yi shigar Musulmin da suka taɓa mulkin ƙasar. Kowane ɓangare yana da ƙungiyoyi, kowace ƙungiya da irin kayanta. Ana fareti, sannan a yi wasan yaƙi a bakin ruwa, a ƙwace wata fada ta katako da aka kafa a dandali, a rana ta ƙarshe a mayar da ita. Kujerun na 'yan kallo ne. Ban faɗa wa kowa ba. Babu wanda ya tambaye ni, ban da Yaya da take son sanin inda ake sayar da askirim mai kyau.

Ranar Juma'a Baba ya fito da rigarsa. Shadda ce ruwan sararin samaniya, babbar riga mai aiki a ƙirji, da hula zanna. A ɗakin magani na asibiti yake aiki, kullum cikin riga da wando na aiki, amma duk Juma'ar da ba ya kan aiki wannan shigar yake yi ya tafi masallaci a Woolwich. A can ba mai ɗaga kai ya kalle shi, don a bas ɗin da yake hawa ma akan samu uku irinsa. Ya gano akwai masallaci a wani tsohon shago bayan tashar bas, ya ce in raka shi ko za a buƙaci tambayar hanya.

Babban titi ya cika. Maza da rawuna da kwalli a ido, da takubba masu ƙyalli, wasu da taba sigari mai kauri a baki, wasu da kofin giya na roba a hannu. Muna shiga cikinsu aka fara tafa wa Baba. Wata mata ta ɗaga ɗanta ya gan shi. Wani tsoho mai koren rawani ya tsayar da mu, ya shafa aikin ƙirjin rigar da bayan yatsa, ya yi tambaya biyu. Na ji su sarai. Wace ƙungiya ce wannan, kuma a wane shago aka yi hayar kayan, don bai taɓa ganin ɗinki irin wannan ba.

“Auta, me ya ce?”

“Ya ce rigarka ta yi kyau.”

Baba ya dafa ƙirji ya gode masa. Da muka wuce ya ce, “Kin gani? Mutanen nan ba su manta Andalus ba. Sun ga Musulmi na gaske, suna girmama baƙo.”

A dandali wata mata mai kyamara, da kati rataye a wuya, ta roƙe shi ya tsaya a ƙofar fadar katakon. Maza biyu suka zo suka sa shi a tsakiya, suka ɗaga takubba. Baba ya gyara hannun riga a kafaɗa yadda yake yi ranar Sallah. Matar ta yi min bayani cewa ita ce mai ɗaukar hotunan bikin, ranar Lahadi za a liƙa su a allo a nan dandalin, a kuma sa a shafin garin, kowane hoto da sunan ƙungiyarsa a ƙasa. Ta tambaye ni ko muna tare da waɗannan biyun ne. Na kalli igiyar katinta, wadda ta murɗe sau biyu. Na ce e. Ta rubuta a ɗan littafinta.

A masallaci na zauna bayan labule tare da wasu mata biyu 'yan Maroko. Ta ƙasan labulen ina hango ƙafafun maza, kusan duk wandon jins.

Da muka koma Baba ya ba Mama labari sau biyu. Ya ce ranar Lahadi zai nemo hoton a shafin garin ya tura wa 'yan'uwa a Kano da abokan aikinsa, su ga yadda ake karɓar mutum a nan. Na san abin da zai zo a ƙarƙashin hoton: sunan ƙungiyar masu wasa. Cikin abokan aikin nasa akwai wani ɗan Kolombiya, mai jin Sifaniyanci, da zai karanta shi a take.

Yaya ba ta je ba, amma ta leƙa titi daga baranda ta haɗa lissafinta. A ɗaki ta ce min da Turanci, don ita da ni ba mu cika yin Hausa ba idan mu biyu ne, wai sun ɗauka Baba shigar wasa ya yi, ko ba haka ba. Ta danne fuska da matashi tana dariya, sannan ta daina. Ta koma Hausa, abin da take yi idan tana son ta nuna ita ce babba.

“Malama tafinta, kin ci rabin magana. Sai ki amayo ta.”

Na sami Mama tana wanke shinkafa, na faɗa mata duka. Ba ta ɗago ba. Ta tsiyaye ruwan, ta sake zuba wani, ta ce ita ba ta jin yarensu. Wanda ya ji da kunnensa shi ke faɗa da bakinsa.

Ranar Asabar da safe aka yi wasan yaƙin. Babu lema ko ɗaya a yashi, an zagaye wurin da igiya. Jiragen kamun kifi suka taho da masu rawuna, suka diro cikin ruwa har ƙugu, rigunansu suka manne musu a jiki. Waɗanda ke gaɓa suka tarye su da tsofaffin bindigogi masu ƙara da hayaƙi kawai. Warin albarushi ya cika wurin, Mama ta toshe hanci da gefen hijabi. Wani da aka “kashe” ya kwanta kusa da mu, ya ɗaga kai ya karɓi ruwa daga hannun matarsa, ya koma ya mutu.

Baba yana cikin ƙaramar riga da hular hana rana. Ana magana a lasifika, ya ce in fassara. Wannan karon na fassara duka, a hankali, ina kallon igiyar da ke gabanmu. Na gaya masa yau masu rawuna ke da nasara, gobe za su durƙusa su miƙa makullin fadar, haka ake yi kowace shekara. Da na ga bakina ya buɗe sai na ci gaba. Na faɗa masa tambayoyin tsohon nan biyu, da tambayar mai kyamara, da amsar da na ba ta.

“Haya?” ya ce.

Na gyaɗa kai.

Ya ɗan yi dariya ta hanci. Ya ce wata biyu mai ɗinkin ya yi yana wannan aikin da hannu, a wani lungu cikin birnin Kano, kuma kakana ne ya kai shi wurinsa. Bai yi min faɗa ba. Ya ce bikinsu ne, garinsu ne, ba su yi da mugun nufi ba, a bar maganar. Sannan ya tambayi Mama ko akwai sauran shayi.

Da rana na ga ya sauke rigar daga jikin ƙofa inda ya rataye ta don ta sha iska, ya ninke, ya sa a can ƙasan akwati, ya ɗora tawul ɗin da ba mu yi amfani da su ba a kai. Saura kwana biyu mu tafi. Ya kai mu wata hasumiyar dutse a kan tudu inda ake hango gaɓar duka, ya ɗauke mu hoto mu uku. Da Yaya ta ce ya kawo wayar ta ɗauke shi, ya ce ya isa haka.

Ranar Lahadi bayan karin kumallo na ce zan sayo burodi. Na rubuta abin da zan faɗa a bayan takardar bikin, na duba kowace kalma sau biyu. Masu shara suna kwashe fankon gyaɗa da kofuna daga ƙarƙashin kujeru. A dandali allon yana tsaye, matar tana gabansa da kwalin hotuna da ƙananan takardu da aka buga sunayen ƙungiyoyi, tana liƙa hoto, ta liƙa suna a ƙasa. Ta kai sahu na biyu. Na hango launin shaddar a cikin kwalin.

Na tsaya a bayanta har ta liƙa huɗu. Da ta ɗauki na Baba na yi sallama irin tasu, muryata ta fito ƙarama, sai da na sake. Ta juyo, ta gane ni, ta yi murmushi ta nuna min hoton. Ya yi kyau. Baba ya fi mutanen biyu tsawo, yana kallon kyamarar kai tsaye.

Ban karanta takardar ba, na riƙe ta kawai. Na ce mata ranar Juma'a na ba ta amsar da ba daidai ba. Mahaifina ba ya cikin kowace ƙungiya. Daga London muka zo, kuma masallaci za shi a lokacin. Na kuskure wata kalma, ta gyara min ba tare da ta yi dariya ba. Ta tambaya ko so nake ta cire hoton gaba ɗaya.

Na ce a'a. Na ce, “Don Allah ki bar shi, amma kar ki sa wancan sunan. Ki rubuta cewa baƙo ne, kuma kayan nasa ne.”