Ƙyaure da Isnadinsa

A shekarata ta ƙarshe a Riyad aka ce ba zan wuce zuwa digiri na biyu ba sai na ci jarrabawar Turanci. In na faɗi, tallafin karatu ya ƙare, iƙama, wato takardar izinin zama, ta mutu, sai gida. Ni kuwa ɗalibin hadisi ne, shekara huɗu ana koya mini kada in jingina wa mamaci maganar da bai faɗa ba.

Malamin, wani Basudane mai fama da mura kullum, ya ba mu wani tsohon littafin labari na Amurka. Manomi ne gonarsa ta ƙwace, ya ciro ƙyauren gidansa ya ɗora a keken doki, ya yi ta yawo da shi gari-gari har ya tsufa. Shafi ɗari uku, mutum da ƙyaure. Malam ya ce ƙyauren alama ce ta fata, dokin kuma alama ce ta haƙuri.

Na ɗaga hannu. "Duktur, wa ya ruwaito wannan daga marubucin?"

"Ya mutu tun kafin a haifi kakanka."

"To wa ya ji daga bakinsa?"

Ya fyace hanci ya ci gaba da darasi.

Haushi ya sa na rubuta aikin farko yadda aka horar da ni. Na tantance mutanen littafin ɗaya bayan ɗaya: manomin mai ruɗewa ne, ba a karɓar ruwayarsa, matarsa amintacciya ce amma ba ta magana, maƙwabcinsu maƙaryaci ne. Batun alama kuwa na yanke masa hukuncin ba shi da asali. Na ji daɗin kaina ƙwarai. Takardar ta dawo da jan biro ko'ina, kuma saura dama ɗaya.

Tsoro ya kama ni sosai. Ranar Juma'a bayan la'asar na tafi kasuwar Utaiƙa wurin wani dattijo ɗan Maraɗi, mai dakon kwalayen tumatur, wanda nakan je mu sha shayi in na gaji da Larabcin littafi. Na ba shi labarin don mu yi wa Amurkawa dariya. Bai yi ba.

Ya ce mini, "Malam, in ya sauka a gari, ina yake ajiye ƙyauren?"

"A kan keken yake barinsa, Baba, inda kowa zai gani."

"To ai ba fata ba ne. Kunya ce. Muddin ana ganinsa da ƙyaure, ba wanda zai ce masa marar gida. Sai a ce mai gida ne yana kan hanya."

Ya kurɓi shayinsa, wani Balarabe ya kira shi daga bakin mota, ya tashi ya saɓa kwali.

Abin da na rubuta ke nan, shafi biyar, da Turancina mai ɗingishi. Na ma sa masa isnadi a sama: wani ɗan dako ya ba ni labari, baki da baki, a Utaiƙa. Malamin Turancin ya ba ni makin da ya tsallakar da ni da ƙyar, ya rubuta a gefe cewa wannan ne karo na farko da na karanta littafin. Ban gaya masa ba, amma har yau ban kai ƙarshensa ba.

Da aka sabunta mini iƙama na sayi kilon dabino na kai wa dattijon, ina ta zuba, har da cewa maganarsa ta shiga jami'a. Ya ajiye ledar bai buɗe ba.

"Ka sa sunana a ciki?"

"A'a, Baba."

"Ko garinmu?"

"Ɗan dako kawai na ce."

Ya yi ajiyar zuciya. "Madalla. Takarda tana tafiya, Malam. Shekara goma sha bakwai yarana can gida abin da suka sani shago gare ni a nan."