Shekara Huɗu a Kan Kifi

Ana gobe za a kai ni ɗakin miji, Baba ya kira ni zaure ya ce in ɗora hannu bisa allona. Malami ne a Isa, ni kuwa ɗan ƙanen uwata zan aura a Sabon Birni, cikin Gobirawan da sunka ƙi bin Sakkwato. Lokacin an ɗan aje makamai, hanya ta buɗe. Ya ce, "Mutanen can suna salla, amma ban yarda da yankansu ba. Ki rantse ba ki cin naman da wuƙarsu ta taɓa."

Na rantse. Karatuna bai wuce ƙananan surori ba, da me zan yi mai gardama? Na dai tambaye shi kifi fa, ya ce kifi ba a yanka shi, in ci.

A gidan miji sai na ce nama ba shi karɓata, kurji yake fesa mini. Inna, uwar maigidana, ta taɓe baki ta ƙyale ni. Kullum tukunyata daban. Tuwon dawa da miyar kuka, in gutsura busasshiyar tarwaɗa a ciki. In ruwa ya ja baya, matan masunta su shigo da ƙarfasa ɗanya, in yi ta da yakuwa. Ranar Layya gida duka yana ƙamshin suya, ni ina bayan rumbu ina tsince ƙaya. Kuma ina da ido. Na ga surukina yana fuskantar da rago gabas, na ji bisimillarsa da kunnena, ba ta bambanta da ta Baba ba ko kaɗan. Amma na riga na ɗora hannu.

Ɗana na fari bai cika wata uku ba ya koma. Zazzaɓi ne, a damanar nan gida nawa anka yi rashi. Daga baya na haifi ta biyu, mace.

Kwana huɗu da haihuwa anka dafa kauri, ƙafafun sa da yaji, abin da kowace mai jego ke sha don nono ya kawo. Inna ta aje ƙwaryar gabana da kanta.

"Sha."

"Inna, kin san ba shi karɓata."

"Wancan ma haka kinka ce, kinka shayar da shi ruwan gulbi har ya tafi. Ki ji ni da kyau, ɗiyar malam. In anka yi arba'in ban ga wuyan jaririyar nan ya yi ninki ba, faccalarki za ta shayar da ita. Ita ba ta zaɓen abinci."

Faccalata, matar wan maigidana, tana goyon ɗan wata biyar, nono har jiƙa mata zane yake. Ta sunkuyar da kai tana tsinka zogale kamar ba ta ji ba.

Tun daga ranar ban sake zama lafiya ba. Bayan kowane wankan ganye sai in ɗaga yarinyar in auna ta a hannu, in matsa cinyarta, in duba maɗigarta ko ta faɗa. Na sha kunun kanwa har yana dawo mini. Na sa anka nemo kifin nan ragon ruwa mai kitse, na shanye romon duka. Tana tsotso, tana barci, amma wuya shiru. Maigida da na yi mai kuka cewa ya yi, "To ki ci naman mana, kurji kashe mutum yake?" Ban iya gaya mai ba. Ta yaya zan ce ma mutum ubana ya ɗauki yankan ubanka mushe?

Sai na roƙi wata mai tallan gishiri da ke ratsawa ta Isa ta kai ma Baba saƙo, cewa ɗiyarsa na cikin matsi, ya kwance mata abin da ya ɗaura.

Ranar kwana talatin da uku da haihuwa Gwaggo ta iso, ƙanwar Baba, mace mai murya kamar tana kiran shanu. Da hantsi ne, mata duk suna tsakar gida ana sussuka. Ko ruwa ba ta gama sha ba ta fara dariya.

"Ke 'yar nan, wai har yau kina riƙe da wancan zance? Da saƙonki ya zo sai da Malam ya yi ta tunani kafin ya tuna. Ai tun bara waccan da anka yi zaman sulhu a Turba ya ci tuwo akushi ɗaya da Gobirawa, har da kan rago. Ya ce ya sake duba littafi, yankansu ya halatta. Ki yi azumi uku, shi ke nan."

Taɓarya ta tsaya. Na ji tsayuwarta kafin in ɗaga kai.

Bara waccan. Yarona yana da rai ke nan, ko yana cikina. Ubana ya sake duba littafi, ya wanke hannu ya ci kan rago, bai ga ya kamata ya aiko ko da mai gishiri ba. Jakai nawa sunka bi hanyar nan tun lokacin?

Inna ta taso a hankali. "Ashe ba kurji ba ne. Shekara huɗu kina zaune cikin gidana kina ƙyamar wuƙar mijina." Ta miƙo hannu biyu. "Kawo jikata."

Na ce, "Inna, saura kwana bakwai."

"Wannan lissafin na mai kurji ne."

Akwai sauran naman miya a tukunya. Na ɗebo da hannu na cusa a baki gaban kowa, ina taunawa ina cewa ku duba, ku duba, na ci. Bai kai ciki ba ya dawo, har bisa zanen Gwaggo. Inna ta ƙetare aman ta ɗauki yarinyar ta miƙa ma faccalata.

Na so a ce yarinyar ta ƙi kama nonon. Ta kama nan take.

Kwana goma sha shida ina tatsewa a ƙwarya ina zubarwa gindin magarya, ƙirjina kamar an ɗora dutse. Da maigida ya samu ya lallashi Inna anka dawo mini da ita, ta kau da kai ta yi ta tsala kuka har sai da na mayar ma faccalata da ita da hannuna. Wuyanta ya yi ninki biyu. Ban san ko kwana bakwan nan da sun ishe ni ba, kuma babu wanda zai taɓa gaya mini.

Azumi ukun ban yi ba tukuna. Ba ni na ɗaura ba. Nama kuwa har yau ko ƙamshinsa na ji sai zuciyata ta tashi, ƙaryar da na yi ta zama gaskiya. Yarinyar ta fara tafiya watan jiya. In ta faɗi, tashi take ta wuce ƙofar ɗakina da gudu, tana kuka, ta shige na faccalata.