Minke Mai Gada da Shekarar da Aka Tura Kekuna

Kafin mai burodi ya buɗe shago, Minke Algra ta riga ta jingine kekenta a jikin ɗan ɗakin gada, ta ɗora kofi, ta fita duba shingen ƙarfe. In an kwana da ƙanƙara sai ta bi tudun gadar tana watsa gishiri don ta narke. Lokacin zafi ba ta da hutu. Jirgin ruwa zai busa, ta sauke shinge, ta ɗaga gada, masu keke su tsaya ƙafa ɗaya a ƙasa suna gunaguni. Da hunturu kuwa jirage sun kwanta, sai ta wuni tana kallon masu wucewa ta taga.

A farkon shekarunta na aiki, cikin wani Disamba, ta ga wani mutum ya hawo gadar da bishiyar Kirsimeti a kafaɗa, hannu ɗaya a kan keke, rassan sun rufe masa rabin fuska. Washegari ta zo da kyamara. Mutumin nan Sipke Wiersma ne, kafinta, kuma tun daga ranar duk shekara hotonsa take fara mannawa a tagar ɗakin.

Masu sayar da bishiyoyi a ƙetaren ruwa suke kasa kayansu, don haka duk bishiyar da za ta shiga garinmu sai ta bi ta gaban Minke. Ba wanda ya sa ta, ba wanda ya taɓa biyanta. Takan tsaya a bakin ƙofa da hular ulu, ta jira keke ya kai ƙololuwar tudu, ta danna. Kafin sati ya zagayo taga ta cika, mutane suna tsayawa neman kansu. Ni ma tun ina ƙarama nake tsayawa, kuma abin da ya daɗe yana ɗaure min kai shi ne yadda fuskoki ba su dame ta ba. Rabin hotunan ba ka ganin mai keken, sai ganye da tayoyi. Malamar makarantarmu ta taɓa tambayarta dalili. Minke ta ce fuska kowa ya iya gyara ta idan ya ga kyamara, amma ɗaurin bishiya ba a gyara shi. Akwai mai ɗaure ta a kariyar bayan keke da tsohuwar roba kamar zai kai ta wata ƙasa, akwai mai tsayar da ita a akwatin gaba inda yara suke zama, akwai wanda bai ɗaure komai ba ya dogara da sa'a. Ta ce tana so ta san su wane ne a cikin maƙwabtanta.

A hankali abin ya zama gasa. Wasu sukan saki hannu biyu a kan tudu. Hidde mahauci ya taɓa haurowa da bishiya biyu da kare.

Bara, da kaka, Sipke ya zame a kan jiƙaƙƙen ganye ya karya ƙugu. Ya warke har yana takawa, amma likita ya ce hawan keke ya ƙare, 'yarsa Renske kuma ta ɗauke makullin keken. Ta kawo maganar keke mai ƙafa uku, ya ce ta kai wa wanda ya fi shi mutuwa. Ta ce to ya riƙa tura nasa yana dogarawa, ai ya fi sanda. Ya ce shekara tamanin ba a taɓa ganinsa yana tura keke ba sai in taya ta yi faci, ba zai fara yanzu yara su riƙa tambayarsa ko yana neman famfo ba. Daga nan ya daina fita. Ya ja labulen falonsa da rana tsaka, abin da a layinsu ba a yi sai an yi rasuwa. Renske ta gaya wa Minke a bakin gada, tana share hanci, cewa Baba ya ce bana ba ya son bishiya, kuma ƙafar da aka sha wahalar gyarawa ta fara sandarewa don zama.

Minke ta yi mata sannu, ta ƙara mata kofi.

Ranar da aka fara kasa bishiyoyi, na farkon da ya hauro da gudu ya ga kyamara rataye a wuyan Minke ba ta ɗaga ba. Ta ce masa bana ta gaji da hoton gudu, hannunta ya fara rawa, wanda yake son hoto ya sauka ya turo keken a hankali. Maganar ta zaga gari kafin azahar, kuma ba wanda ya ji daɗinta. A nan, babban mutum ya sauka daga lafiyayyen keke ya tura shi a kan gada abin kunya ne ƙarami, irin na fita da riga a baibai. Wasu suka ce tsufa ne. Wasu suka ce tana dab da ritaya shi ya sa take mulki. Ni dai na koma na duba hotunan shekarar da ta gabata, ban ga alamar rawar hannu ko ɗaya ba, na rasa gane abin da take nufi.

Hidde ya ce shi ba zai sauka ba. Ya tako da ƙarfi da bishiyarsa, sai kawai shingen ƙarfe ya sauko a gabansa, babu jirgi ko ɗaya a ruwa.

"Minke, wane jirgi kike jira, na aljanu?"

"Ina gwada shinge ne. Sauka ka rage wa keken nan nauyi, Hidde, ya yi maka hidima shekara da shekaru."

Ya sauka yana cewa zai kai ƙara, ya tura, ta ɗauke shi. A hoton bakinsa a buɗe yake yana zagi, kuma shi ta manna a tsakiyar taga.

Renske ce ta kai wa Sipke labarin, a matsayin ƙorafi, wai Minke ta haukace har ta sa Hidde ya tura keke. Ta ce ya daɗe yana kallonta, sannan ya tambaya ko da gaske har Hidde. Washegari ya nemi makulli, ya ce ba hawa zai yi ba, zai je ne ya yi wa mahaucin nan dariya. Masu shagunan layin sun ga fitowarsa, hannu biyu a kan keke, yana ɗingishi kaɗan, yana kallon ko wani zai kalle shi. Ba wanda ya kalle shi, don gadar cike take da masu turi. Da ya ƙetara bai tsaya dariyar kowa ba, ya wuce wajen masu bishiya, ya zaɓi wadda ta fi shi tsawo, ya ɗaure ta da irin ɗaurin kafintoci.

Da ya kawo ƙololuwar tudu ya tsaya yana haki. Ina tsaye a bakin taga, na ji abin da suka ce.

"Hannun da yake rawa ke nan? Ban ga yana rawa ba, maƙwabciya."

"Kai dai turo, tsoho, ka tare wa mutane hanya."

Ya gyara tsayuwar bishiyar. "To ki ɗauko ta gefen da babu tsatsa."

A nan na gane, kuma da na duba fuskokin da ke kusa na ga ba ni kaɗai ba ce. Ba wanda ya furta. Hidde ma, da aka tsokane shi daga baya, cewa ya yi shi tun farko ya sani, ƙarya ce kuwa.

Minke, ke ce kika ga mutum ya kasa hawa, ba ki je kin yi masa wa'azin haƙuri ba, sai kika sauko da gari duka zuwa inda yake. Ke ce kika yarda a ce kin tsufa, a ce kina mulki, don kada a ce wani ya gaza. Mai gada, ban taɓa iya gaya miki wannan a baki ba, gaisuwa kawai nake yi in wuce.

Da ƙarshen hunturun nan za ta ajiye aiki. An ce daga wani ofishi mai nisa za a riƙa ɗaga gadar, ɗakin kuma ba a san abin da za a yi da shi ba. Mun gode, Minke. Duk wanda aikinsa ya ajiye shi inda mutane suke wucewa, a kanti ne ko a taga, ya riƙa lura da wanda ya daina wucewa, ya nemo masa hanyar dawowa da ba za ta sa ya sunkuyar da kai ba.

Sipke yanzu kullum da safe yana turo kekensa har shagon burodi, ƙafar ta saki. In aka tambaye shi ina zuwa, sai ya ce keken ne ya gaji da zama, ya fito da shi shan iska.