Ranar da Manaja Ya Ɗauke Kwamfutar Hajiya Rakiya

Ban taɓa mantawa da ranar Litinin ɗin da muka wayi gari a ofis kowa ya zama baƙo a gaban kwamfutarsa ba. Farkon watan Mayu ne, hadari ya fara haɗowa ta gabas. A lokacin ina aiki da wani kamfanin iri a Funtua, ni ne jami'in kwamfuta, kuma ni ne ƙarami a muƙami cikin masu teburi.

Bari in fara yi wa waɗanda ba su san aikin ba bayani. Kamfanin yana raba wa manoma ingantaccen irin masara da waken suya da auduga kafin damina. Kowane manomi akwai layinsa a jadawali: sunansa, ƙauyensa, girman gonarsa, da irin da zai karɓa. Wannan jadawali a manhajar nan mai gida-gida muke yin sa. A samanta akwai kalmomi a jere, in ka danna ɗaya sai jerin umarni ya zubo ƙasa, ka zaɓi wanda kake so. Mu a ofis kanta muke ce wa wurin, don kamar kantar shago yake, kowane kaya da mazauninsa. Idan babu jadawali a buge a takarda, an ware shi ƙauye-ƙauye, Manaja ya sa hannu, to ko buhu ɗaya ba ya fita daga sito. Ƙa'ida ce.

Sai hedikwata ta aiko da umarni a sa sabuwar manhaja a duk rassa. Manajanmu, Malam Tukur, ya tara mu ranar Alhamis ya karanta takardar. Mutum ne mai son a san shi ɗan zamani ne, ko biro ya saya sai ka ji tarihinsa. Ya ce wannan ci gaba ne, kuma shi ya riga ya ga irinta a wani taro.

"Sabo turken wawa," in ji shi. "Wanda ba zai iya tafiya da zamani ba, akwai wurin da ya dace da shi."

Da ya faɗi haka bai dubi kowa ba sai Hajiya Rakiya. Ita ce babbar mai buga takardu, tun zamanin tafireta take aikin, ta girme wa Manaja nesa ba kusa ba. Kowa a ofis ya san ya riga ya rubuta takardar neman a mayar da ita sitonmu na Musawa, tana cikin durowarsa bai aika ba tukuna. Ita kuwa gidanta da jikokinta da mijinta mai ciwon ƙafa duk a Funtua suke. A mayar da ita Musawa daidai yake da a ce mata ta ajiye aiki. Hajiya ta ci gaba da goge tabaronta da bakin gyale.

Ranar Asabar da hantsi na zo na sa sabuwar manhajar a kwamfutoci shida, har da ta Hajiya. Da na buɗe na ga abin da aka yi, ni kaina sai da na gyara zama. An kwashe kantar gaba ɗaya. A madadinta an shimfiɗa wani faffaɗan zirin ƙananan hotuna, wannan kusa da wancan, kamar an zazzage tiren mai koli. Aikin duk yana nan, ba a cire komai ba, amma babu abin da ke inda aka bar shi.

Litinin da safe, Malam Isiya ne ya fara kira. Shi ne mai kula da manoman yankin Tsiga, mutum mai murya kamar yana kiran wani daga ƙarshen gona.

"Kabiru! Wa ya kwashe mini kaya?"

Na zo na tsaya a kansa. Ya nuna kusurwar allon da yatsa.

"Shekara shida nan nake zuwa in buga takarda. Na farko daga hagu, in sauko ƙasa kaɗan. Yau na zo na tarar da hoton almakashi. Me zan yanka?"

Na ce masa ai sauya wuri aka yi. Ya ce shi bai ji an yi shela ba, ko kasuwa za a tayar ai sai an sanar da 'yan tumatir. Ya kashe kwamfutar ya kunna har sau uku, wai ko za ta dawo hayyacinta. Daga nan ya danna wani abu, sunayen manomansa duka suka koma ruwan ɗorawa. Ya ture linzamin, wato ɗan abin nan da ake ja da hannu, ya ɗauko biro da rula ya fara zana jadawali a takarda yana ƙunƙuni.

Sauran ma haka. Abin da na lura da shi shi ne ba wanda ya ce bai iya ba. Kowa cewa yake ta lalace. Manaja kuwa ya shige ofishinsa ya rufe ƙofa, ya ce kada a dame shi yana nazari.

Ana cikin wannan hayaniya, daga kusurwa sai ƙarar madannan kwamfuta kake ji, kacaf-kacaf, ba tsayawa. Teburin Hajiya a lungu yake, bayanta na jikin bango, ba mai ganin allonta sai ya ratsa ta gefen kujerarta, kuma ba wanda ya isa ya yi mata haka. Jim kaɗan firinta ta yi kuka ta fitar da shafi biyu. Kowa ya juyo wajenta.

Malam Isiya ya ce, "Hajiya, taki ba a taɓa ta ba ne?"

Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Ni dai tawa ba ta canza mini hali ba."

Ni na san abin da ke faruwa. Hajiya ba ta taɓa shiri da linzami ba. Duk umarnin da muke nema da ido, ita da yatsu ta haddace shi, ta danna wannan harafi ta haɗa da wancan. Waɗanda suka sake fasalin manhajar sun kwashe kantar, amma sun bar tsoffin hanyoyin madannai suna aiki. Da na buɗe baki na yi bayani, da magana ta ƙare a nan. Amma na tuna kallon da aka yi mata ranar Alhamis, sai na ja bakina na tsuke.

Kafin azahar labari ya gama ofis, har direbobi sun ji: wai Kabiru ya ji tsoron Hajiya ya bar mata tsohuwar manhaja.

Talata da safe Manaja ya kira ni. Na tarar da teburinsa wayam, ko shafi ɗaya bai buga ba.

"Kabiru, gaskiya ne abin da nake ji game da kwamfutar Hajiya?"

Na ce, "Yallaɓai, yadda ta faɗa haka yake. Ba ta canza mata hali ba."

Ya kaɗa biro. Sannan ya rage murya.

"Wannan saɓa wa umarnin hedikwata ne. Ka kawo mini ita nan in bincika da kaina. Ita kuma ka kai mata tawa, mu ga yadda za ta yi da sabuwar."

Na ce to. Da suka fita sallar azahar na kinkimo ta Hajiya na kai masa, na kawo mata tasa, na kwafe mata jadawalin. Da ta dawo ta dubi kwamfutar, ta dube ni ta saman tabarau, ta zauna. Ko minti biyu ba a yi ba, kacaf-kacaf ya ci gaba.

Ba a jima ba ƙararrawar Manaja ta kaɗa. Na same shi a tsaye, hannu biyu a kan teburi.

"Me ka taɓa a hanya?"

"Ban taɓa komai ba, Yallaɓai."

"To ya aka yi ta koma sabuwa?"

Daidai lokacin firinta ta sake kuka a waje. Ya leƙa ta labule, ya ga Hajiya na tattara takardu. Ya juyo a hankali.

"Waccan ba tawa ba ce?"

"Taka ce, Yallaɓai."

"To ashe tawa ce mai kyau, ni ne ban ba ta lokaci ba. Mayar mini da abata."

Wallahi haka na sake kinkimar kwamfutocin nan, na mayar da kowacce gidanta. Ina ratsa tsakar ofis da kaya a ƙirji, Malam Isiya na tambayata ko tashi za mu yi. Na cije leɓe har sai da na ji gishirin jini, don in na bari dariya ta kuɓuce mini, aikina ne zai bi ta.

Abin ya daina zama wasa ranar Laraba. An yi ruwa mai ƙarfi da asuba, irin wanda manomi ke jira ya yi shuka. Kafin ƙarfe tara shugabannin ƙungiyoyin manoma sun cika harabar ofis, wasu a kan babura daga Tsiga, wasu a Keke Napep daga ƙauyukan kusa, ga motar iri ta tsaya a bakin sito. Hajiya ta gama nata kason tun jiya, amma babban jadawalin da ya haɗa kowa yana hannun Manaja, shi ke ware shi ƙauye-ƙauye ya sa hannu. Ga ma'ajin sito ya rantse ba zai buɗe ƙofa ba sai ya ga takarda. Wani dattijo ya leƙo ta taga ya ce, "Malamai, laimar ƙasa ba ta jiran sa hannu." Nan na ga in aka rasa shukar ranar, da hannuna a ciki.

Na tashi zan shiga wurin Manaja in faɗi gaskiya, sai ga shi ya fito da kansa. Ya wuce ni, ya tsaya gaban teburin Hajiya, hularsa ta ɗan karkace.

"Hajiya, don Allah ki taimaka. Wace iri ce a kwamfutarki?"

"Irin taka ce, Manaja. Zagayo ka gani."

Ya ratsa ta gefen kujerarta, abin da bai taɓa yi ba. Ya ga zirin hotunan nan dai, har da almakashin Malam Isiya. Ta ce in kawo babban jadawalin, na kawo. Sai ta zare gyalenta na kafaɗa ta rufe saman allon da shi, ta ture linzamin gefe. Yatsunta suka yi ɗan zagaye, sunaye suka bi layi, 'yan Tsiga wuri ɗaya, kowane ƙauye da mutanensa. Ta sake dannawa, firinta ta kama aiki.

"Ni ban taɓa sanin abin da ke saman nan ba," in ji ta. "Tun a tafireta malaminmu ya ce mai kallon hannunsa bai iya ba tukuna. Ga biro, sa hannu, mutane na jira."

Ya sa hannu a tsaye. Aka buɗe sito, kafin azahar harabar ta watse.

Da ƙura ta lafa, Manaja ya juyo kaina a gaban kowa.

"Kai ka san haka tun Litinin?"

Na sunkuyar da kai. Na ɗauka takardar tuhuma ta tabbata, sai Hajiya ta sa baki, amma ba irin taimakon da na zata ba.

"Ƙyale shi, Manaja, shi ma ba iyawa ya yi ba. Duk wanda ya tambaye shi abu sai ya ce yana zuwa, ya zagaya bayan sito ya duba a wayarsa, sannan ya dawo yana taƙama. Tagata ai can take kallo."

Malam Isiya ya fashe da dariya har yana dukan teburi. Gaskiya ta faɗa, kwana uku ina sintiri bayan sito. Manaja ya so ya daure fuska, abin ya gagara, shi ma ya dara. Hukuncin da ya yanke mini shi ne in zana taswira a babban kwali, kowane tsohon umarni da sabon mazauninsa, in manna a bango kafin Juma'a. Ya kuma roƙi Hajiya ta riƙa koya mana hanyoyin madannai duk ranar Alhamis bayan la'asar. Shi ne ke zama a kujerar gaba da littafinsa. Takardar Musawa kuwa ba ta taɓa barin durowa ba.

Daga baya na tambayi Hajiya ko ita ba ta tsorata ba da ta fara ganin sabon fasalin. Ta ce gabanta ya faɗi ƙwarai, har ta fara tunanin yadda za ta gaya wa maigidanta. Sai ta rufe ido ta yi bisimilla ta gwada, ta ji abin ya amsa.

"To me ya sa ba ki faɗa musu ba?"

"Wa ya tambaye ni yadda nake yi? Kwamfutar suka tambaya."

Abin da na koya a wannan mako ya fi abin da na koya a makaranta. Yawancin mutane ba manhaja suke koya ba, hanya suke haddacewa, kuma ranar da ka sauya musu hanya ba tare da ka kama hannunsu ba, gwani da ɗan koyo duk ɗaya suke komawa. Babba ba zai ce maka bai gane ba, sai dai ya ce abin ya lalace, don haka in ka ji an ce ta lalace, ja kujera ka zauna kusa da shi, kada ka sa shi ya roƙe ka. Ku kuma da kuke ganin kun fi kowa sanin na'ura, ku riƙa tambayar tsofaffin ma'aikata yadda suke yin aikinsu kafin ku yanke musu hukunci. In kuma shaiɗan ya raya muku ku yi wa shugabanku irin shirun da na yi, ku fara duba sama tukuna, ku tabbata ba hadari.